Tsofaffin Jigogin Insha'i, Daga Bakin Ƙofar Kaura

  

A wannan makon ina so mu taɓa wani abu da duk wanda ya zauna a ajin sakandare ya sani, wato jigogin insha'i. Ko ban lissafa ba kun san su: "Amfanin wayar salula da illolinta." "Muhimmancin gaskiya da riƙon amana." "Littafin da na fi so." "Tarihin garinmu." Ranar da malam ya so ya motsa aji sai ya kawo na muhawara, ya ce ilimin 'ya mace ya fi na ɗa namiji amfani, ka goyi baya ko ka soka. Yayyenmu sun rubuta su, mun rubuta su, ƙannenmu ma yanzu su suke rubutawa, tun daga jarrabawar ƙarshen zango har zuwa WAEC da NECO.

Yadda ake amsa su ma kusan gado ne. A buɗe da "kamar yadda kowa ya sani", a jero amfani uku, a jero illoli uku, sannan a rufe da "daga ƙarshe ina kira ga gwamnati da iyaye da masu hannu da shuni". Ban ga laifin malamanmu a nan ba. Mai duba takardun jarrabawa yana da ɗaruruwa a gabansa, abin da yake nema shi ne gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa, sai ƙa'idojin rubutu da tsabtar jimla. Wannan tsarin ya koya mana jera tunani, kuma duk marubuci yana buƙatarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne muryar jarrabawar nan ba ta tsayawa a ɗakin jarrabawa. Tana bin mutum har cikin gajeren labarinsa da maƙalarsa. A ƙungiyarmu ta marubuta ina cikin waɗanda ake ba rubuce-rubucen sababbin shiga su duba, kuma abin da nake yawan cin karo da shi ke nan. Za ka karanta maƙala goma a kan wayar salula, ɗaya daga Katsina, ɗaya daga Sakkwato, ɗaya daga Damagaram, in ka goge sunayen marubutan ka cakuɗa takardun, su kansu da ƙyar kowa zai gane tasa. Babu unguwa a ciki, babu shekara, babu mutum ɗaya mai numfashi. Hausar ta fita, amma mai karatu ya gama bai ƙaru da komai ba.

A ganina jigogin nan lafiyarsu ƙalau. Abin da suka rasa shi ne ƙasar da za su taka. Don haka zan ɗauki guda huɗu, tarihi da fasaha da ɗabi'a da adabi, in gwada maku abin da ke kwance a ƙarƙashin kowane ɗaya idan mutum ya tsaya a unguwarmu, Ƙofar Kaura, ya waiga dama da hagu. Na zaɓi nan ne don nan na sani. Kowa ya sa sunan tasa unguwar a gurbin tawa.

Mu fara da "Tarihin garinmu". Abin da ɗalibin Katsina ya saba rubutawa shi ne Katsina gari ne mai daɗaɗɗen tarihi, tana cikin Hausa Bakwai, sai ya tsallaka Daura ya ba da labarin Bayajidda da macijiya da rijiyar Kusugu, kafin ya dawo gida takarda ta cika. Alhali tambayar farko tana rubuce a jikin adireshinsa. Me ya sa ake ce wa wannan wuri Ƙofar Kaura? Kaura sarauta ce. Shi ne jagoran mayaƙan Katsina a zamanin da, yana cikin masu zaɓen sarki, kuma a yau Kauran Katsina shi ne hakimin Rimi. In ka zagaya za ka ga ba ita kaɗai ke ɗauke da sunan sarauta ba, ga Ƙofar Durɓi, ga Ƙofar Marusa, ga Ƙofar 'Yanɗaka. Sannan ga Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Ƙwaya. Sunayen ƙofofin nan kaɗai sun isa su nuna wa ɗalibi yadda aka tsara mulkin ƙasar Katsina. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, har ake ce wa garin Katsina ta Dikko, shi ma sarautar Durɓi yake riƙe da ita kafin ya hau gadon.

Ga wani abin da zai sa mai karatu ya gyara zama. A farkon 1851 Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Katsina. A littafin tafiye-tafiyensa ya ƙiyasta kewayen ganuwar garin tsakanin mil 13 zuwa 14. Ya ce ko rabin wannan fili ne ya taɓa cika da gidaje, to mutanen garin sun kai 100,000, amma a lokacin da ya zo waɗanda ke ciki ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. To ina mutanen suka tafi? Wannan tambaya ɗaya ta fi "gari mai daɗaɗɗen tarihi" sau goma, domin tana tilasta wa mai rubutu ya nemo amsa. Amsar kuwa tana cikin jihadi. A wajajen 1807 Katsina ta koma hannun masu jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar da aka kayar ya yi arewa, daga baya ya kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Aka shafe shekaru ana gwabzawa tsakanin ɓangarorin biyu, fatake suka ga hanya ba lafiya, ciniki ya karkata zuwa Kano. Har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Ɗalibin da ya san wannan zai fahimci dalilin da ya sa kusan duk gidan da ka shiga a garin nan ba ka rasa mai dangi a tsallaken iyaka, ta hanyar Jibiya.

Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya rubuta littafi guda a kan sauye-sauyen da Katsina ta gani daga 1400 zuwa 1883, aka buga shi a Zariya a 1981. Abin koyi gare mu shi ne yadda ya yi aikin. Bai tsaya ga takardun Turawa kaɗai ba, ya bi garuruwa da ƙauyuka har cikin Nijar yana zama gaban dattawa yana tambaya. Abin da ya yi da digirin digirgir, mu ma za mu iya yin ɗan ƙaraminsa da biro da littafin aljihu.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Mafi yawan ganuwar da Barth ya gani ta tafi, ruwan sama ya ci wani ɓangare, masu ɗibar ƙasa sun ci wani, gine-gine sun hau kan saura. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe gadar ƙasa ta Ƙofar Kaura, a ƙarshen mulkin Gwamna Aminu Bello Masari. Yaron da aka haifa bayan wannan rana zai tashi ya san wurin a matsayin inda motoci ke nutsewa su ɓullo, shi ke nan. Kwanaki na zauna da wani dattijo, tsohon direba da ya daɗe yana bin hanyar Kano, na ce, "Baba, da can in an fito ƙofar nan me ake tararwa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, gonaki mana. Duk inda kake ganin shagunan nan, gero da dawa ne." Daga nan ya ɗauko zance, sai da kiran sallar la'asar ya raba mu. Irin wannan dattijon ba a ɗakin karatu yake ba, kuma ranar da ya kwanta dama, abin da ke kansa ya tafi ke nan, sai fa wanda wani ya rubuta.

Mu koma kan fasaha. "Waya tana sada zumunci, tana sauƙaƙa kasuwanci, amma tana ɓata tarbiyya." Duk gaskiya ne, sai dai wanda bai taɓa riƙe waya ba ma zai iya rubuta haka. Mu a jihar nan mun ga abin da ya fi wannan. Wayar salula ta shigo Najeriya sosai a 2001. Shekara ashirin bayan haka, a watan Satumban 2021, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa. Aka shafe watanni a haka. Mutum zai biya kuɗin mota ya zo inda akwai sabis don kawai ya kira ɗansa da ke Legas ya ce masa ana lafiya, ko ya duba ko kuɗin da aka turo masa sun shigo. Saƙon rasuwa ya koma tafiya a bakin direba kamar zamanin kakanninmu. Ga kuma tambaya mai nauyi a ciki: wayar da ɗan bindiga ke kiran mai ba shi bayani da ita, ita ce dai wadda ɗan ƙauye zai kira neman agaji da ita. Duk mai son ya rubuta amfanin waya, ya nemi mutum ɗaya da ya rayu cikin waɗannan watanni ya tambaye shi ranar da ya fi jin rashinta. Amsar da zai samu ita ce maƙalar.

Haka ma farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Takardar naira ta yi ɓatan dabo, layuka suka cika bakin bankuna, mai POS ya zama sarki. A unguwarmu na ga mai kayan miya da mai shayi, waɗanda a da in ka ce za ka tura masu kuɗi ta waya sai su ce ka je ka dawo, sun rubuta lambar asusu a kwali sun rataye. Na ga kuma tsohuwar da ba ta da asusu, ba ta da waya, tana riƙe da tsofaffin kuɗi tana tambayar ko har yanzu ana karɓa. Cikin 'yan makonni fasaha ta ɗaga wasu ta bar wasu a ƙasa, kuma duk a kan idonmu aka yi.

Wani kuma yana ɗauka in an ce kimiyya da fasaha sai abin da ya zo daga Turai ko Sin. To ga Hasumiyar Gobarau nan tsaye a tsakiyar gari, ginin ƙasa, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Yaya aka yi ginin ƙasa ya yi wannan tsawo, kuma me ake yi masa yake jure damina bayan damina? A tambayi maginan gargajiya yadda ake kwaɓa ƙasa, yadda ake yin tubali, aikin azara, da abin da makuba ke yi wa bango. Ga kuma Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Kashinawi, Bakatsine masanin lissafi da taurari, wanda ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, ya rasu a can a 1741. A 1732 ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake gina hatimin lissafi mai gidaje mara, wato irin murabba'in da ake jera lambobi a cikinsa ta yadda duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya zai ba ka. Mafi ƙanƙantarsa mai gida tara ne: a sa 5 a tsakiya, a rarraba sauran lambobi daga 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15. Ku gwada shi yau da dare. Ni da na yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, ranar da na fara jin sunan wannan malami sai na ji lissafin da muke yi a aji ya matso kusa da gida.

Akwai ma fasahar da ta shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu a waya: haruffa masu ƙugiya. Tun shekarun 1930 aka shigo da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko, amma yau da yawanmu mun watsar da su saboda gaggawa, alhali allon rubutu na Hausa yana nan cikin wayoyinmu, sauke shi kawai za a yi. Kafa daban, ƙafa daban. Bari daban, ɓari daban. Wanda ya rubuta "ya kasa" yana nufin "ya ƙasa" ya bar mai karatu da aikin da shi ya kamata ya yi.

Sai jigon ɗabi'a, wanda ya fi kowanne saurin komawa wa'azin da ba a roƙa ba. Ɗalibi zai ce gaskiya dokin ƙarfe ce, ya ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ya kawo aya da hadisi, ya rufe. Babu mai musu, kuma rashin musun ne ke kashe rubutun. A 1974 aka buga wata lacca ta Baturen nan Anthony Kirk-Greene a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, inda ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Jerin ya yi kyau. Amma a rayuwa halayen nan ba sa zuwa a jere kamar ɗalibai a layin asambuli. Karo suke yi da juna, kuma wurin karon nan ne marubuci ke da aiki.

Ana yi wa garinmu kirari da ɗakin kara, mu ma muna alfahari da hakan. Kara ita ce ka ɗaga wa mutum ƙafa, ka bar haƙƙinka don kada ka kunyata shi. To ku ɗauki mai shagon unguwa. Maƙwabcinsa, wanda ya girme shi, abokin mahaifinsa ne ma, yana karɓar kaya bashi wata da watanni. Kara ta hana shi tambaya. Jarin kuma ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai kuɗin ƙanwarsa marainiya a ciki, amana ce. In ya yi shiru ya ci amana, in ya yi magana unguwa ta ce ba shi da kunya. Me zai yi? Ko ku ɗauki ɗalibar da aminiyarta ta raɗa mata a ɗakin jarrabawa cewa ta ɗan karkato takardarta, kuma ta san in aminiyar nan ta faɗi a wannan karon, gida za a ce karatun ya isa haka. Ko mai POS ɗin can na 2023 da ake tsine wa saboda tsadar cajinsa, alhali shi ma sayen takardun kuɗin ya yi daga wani. Duk wanda ya bi ɗaya daga cikin mutanen nan uku a hankali, bai yi saurin yanke masa hukunci ba, zai koya wa mai karatu darajar amana fiye da shafi goma na nasiha.

Mu kanmu marubuta muna da namu jigon ɗabi'ar a cikin gida. Sau nawa ake ɗauko labarin wata a WhatsApp, a goge sunanta, a sa wani? Sau nawa ake karanta littafin mutum a YouTube ana samun kuɗi da shi ba tare da an nemi izininsa ba? Mai son rubutu a kan riƙon amana ba sai ya je nesa ba.

Na huɗu shi ne "Littafin da na fi so". A nan kusan kowa Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja yake ɗauka, ya taƙaita labarin, ya ce ya koyi haƙuri da juriya. Abin da ba a cika gaya mana a aji ba shi ne a garin nan aka rubuta Ruwan Bagaja. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, a matsayin gasa. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina a lokacin. Shekararsa 22, sa'an da yawa daga cikinmu. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara wanda daga baya ya zama Walin Katsina, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam da Ɓalewa duk ɗaliban Kwalejin Katsina ne, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, aka mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon ginin yana nan, an mayar da shi gidan adana kayan tarihi. Mu nawa ne a cikin garin nan muka taɓa shiga?

Ku lura da abin da mutanen nan suka yi. Su ma kusan jigo aka ba su, aka ce ku rubuto labari. Malam Bello ya ɗauko zuwan Turawa da yaƙin Kwantagora, ƙasar da ya fito, abin da iyayensa suka gani. Ɓalewa ya ɗauko cinikin bayi da hanyar Sahara, a lokacin da waɗanda abin ya shafa suna raye. Imam ya yi aro daga littattafan Larabci da ya karanta, amma ya sa wa labaran riga da hular Hausa, ya cika su da malamai da 'yan kasuwa da alƙalai irin waɗanda mai karatu ya sani, har Malam Zurƙe ya zama kamar wani ɗan unguwarmu. Bayan kusan shekara hamsin, Sulaiman Ibrahim Katsina ya yi irin wannan a Turmin Danya, wanda ya yi fice a wata gasar rubutu: ya ɗauko fasa-ƙwauri da cin hanci, abin da duk mazaunin garin da ke kusa da iyaka ya san warinsa. Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma ta shiga cikin gidajen aure ta fito da abin da mata ke faɗa a tsakaninsu. Kowannensu da abin da idonsa ya gani ya yi jari. Saboda haka in za ka rubuta a kan littafin da ka fi so, wuce taƙaita labari. Faɗa mana wa ya rubuta shi, a ina, yana ɗan shekara nawa, me ke faruwa a garinsu a lokacin, kuma wane wuri ne a cikin littafin ya sa ka ajiye shi ka yi shiru.

Akwai dalilin da ya sa maganar nan ta fi matsawa a yanzu. Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya rubuta insha'in "amfanin waya da illolinta" kafin ka kurɓi shayi sau biyu, da gabatarwarsa da kammalawarsa, har da kira ga gwamnati. Marubucin da abin da ya iya ke nan ya samu abokin takara da ba ya gajiya, ba ya neman ko sisi. Amma na'ura ba ta zauna da tsohon direban nan ba. Ba ta ga kwalin mai kayan miya ba. Abin da ba a taɓa rubutawa ba, babu inda za ta samo shi, kuma mafi yawan rayuwar garuruwanmu har yanzu ba a rubuta ta ba. Wannan gona ce da ba a taɓa sa wa garma ba, mu ne kuma a bakinta.

Ga ƙannenmu da ke shirin jarrabawa, kada a ce na ce a watsar da tsarin da malam ya koyar. A riƙe shi, shi ne ke kawo maki. Abin da nake cewa a zuba masa nama. Misali ɗaya na gaske daga unguwarku, da sunan wuri da shekara, zai sa mai dubawa ya ɗago kai bayan ya karanta takardu hamsin masu kama ɗaya.

Ga mu kuma da muka wuce aji, ga ɗan aikin da nake ba da shawara mu gwada a wannan makon. Kowa ya ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin jigogin nan huɗu ya rubuta kalma 500. Sharaɗi uku ne. Na farko, a ambaci wuri na gaske da ƙafarka ta taka. Na biyu, a kawo shekara ko adadi guda da ka tabbatar da shi daga littafi ko daga bakin wanda ya sani, in ba ka tabbatar ba ka bar shi. Na uku, a sa maganar mutum ɗaya da kunnenka ya ji, bayan ka nemi izininsa, kuma ka sakaya sunansa in abin ya shafi sirrinsa. An hana buɗewa da "kamar yadda kowa ya sani", an kuma hana rufewa da kira ga gwamnati. 'Yan'uwanmu na Kano ga Kurmi da Dala da marinar Ƙofar Mata. Na Zariya ga Tudun Wada, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta yi zamaninta a garinku bayan fara fitowarta a 1939. Na Maraɗi kuma muna jiran ku ba mu ɗaya rabin labarin Katsina, yadda kakanninku suka faɗa maku shi. Wanda yake ƙauye kada ya ce ba shi da abin faɗa, tsohuwar rijiyar garinku da ranar kasuwarku da dalilin sunan garin duk jigogi ne.

Zan karanta duk abin da aka turo, in Allah ya yarda, kuma ina roƙon manyanmu da ke nan su taya mu da gyara. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka share mana hanya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani.

Wassalam. Naku, daga Ƙofar Kaura, Katsina.